Na kunna IPS a fayawol, netwok ya rikice: yaya ake saita shi daidai?

Tambayar da aka turo a taƙaice: ofis ne mai kwamfutoci kusan 40 da wayoyin ma'aikata, an ɗora OPNsense a matsayin fayawol, an kunna Suricata, manhajar da ke gano hari a netwok ta kuma toshe shi (IPS), a ɓangaren WAN, wato wanda ke fuskantar intanet, an sauke duk dokokin da aka gani an kuma mayar da su gaba ɗaya su dinga toshewa. Yanzu intanet ya yi nauyi, wasu shafuka ba sa buɗewa, alat, wato saƙonnin gargaɗi, kuma dubbai kullum ba a san wanda za a duba ba. Mai tambaya yana so ya san ina matsalar take, kuma ya ake saita abin tun daga tushe.

To malam, injinka lafiyarsa ƙalau, Suricata ma ba laifinsa ba ne. Abin da ya faru shi ne ka ba shi izinin yanke hukunci kafin ya san waye ɗan gida waye baƙo. Kafin komai ka koma ka mayar da dokokin nan duka su zama alat kawai, ka kashe toshewar, netwok ɗin ya numfasa tukunna, sannan mu bi abin a hankali.

Fayawol na yau da kullum adireshi da lambar fot yake dubawa, daga ina fakiti ya fito, ina zai je, ta wace ƙofa, shi ke nan ya bari ko ya hana. IDS kuma buɗe fakitin yake yi ya leƙa cikinsa ya gwada da dubban alamomin hari da aka riga aka sani, in ya ga wani abu ya yi kama sai ya rubuta ya sanar da kai. IPS shi ne dai wannan injin amma an tsayar da shi a tsakiyar hanya ta yadda duk fakiti sai ya bi ta hannunsa, saboda haka yana da ikon jefar da shi. Manhaja ɗaya ce, dokoki ɗaya, bambancin kawai inda ta tsaya da abin da ka ce ta yi. Kuma nan ne mutane suke zamewa, don kuskuren IDS ɓata maka lokaci kawai zai yi, kuskuren IPS kuwa aikin mutane yake tsayarwa.

Manyan injina biyu da za ka haɗu da su a irin wannan fayawol su ne Snort da Suricata. Snort ya fi tsufa, Martin Roesch ne ya rubuta shi a 1998, kamfaninsa Sourcefire kuma Cisco ta saye shi a 2013, shi ya sa dokokinsa yanzu daga Talos suke zuwa. Suricata gidauniyar OISF ce ke kula da shi, ya fito a 2010 kuma tun farko an gina shi ya raba aiki kan kowane kor na furosesa. OPNsense Suricata yake zuwa da shi, a pfSense kuma, wani fayawol makamancinsa, kana iya ɗora ko wanne. Kada ka ɓata lokaci kan musun wanne ya fi, a ofis irin naka saitin ne zai raba gardama ba sunan injin ba.

Abu na farko da zan canja a wajenka shi ne WAN ɗin nan. Na san a tunani WAN ne ya fi dacewa tunda daga can hari yake zuwa, amma ka duba abin da ke faruwa. Suricata a WAN yana ganin fakiti tun kafin fayawol ya tace shi, kuma duk adireshin da ke fuskantar intanet dare da rana ana ƙwanƙwasa masa ƙofa, injina ne kawai ke yawo suna gwada fot 22 da 23 da 3389 da 445 a kan kowa da kowa. Duk waɗannan fayawol ɗinka da kansa zai jefar da su ko babu IPS, tunda dokarsa ta asali ita ce hana duk abin da ba a gayyata ba. Wato kaso mafi yawa na alat ɗin da ke cika maka ido labarin abin da bai taɓa shiga ba ne. Matsala ta biyu ta fi wannan ciwo: NAT. Duk abin da ya fita daga ofis in ya iso WAN an riga an canja masa adireshi zuwa adireshin fayawol guda ɗaya, to ranar da wata kwamfuta ta kamu da muguwar manhaja ta fara kiran ubangidanta a waje, alat zai nuna maka adireshin fayawol ne, kai kuma sai ka tsaya kana kallon kwamfutoci 40 ba ka san wacce ba ce. In Suricata a LAN yake, wato ɓangaren cikin gida, kai tsaye za ka ga 192.168.10.37 ko makamancinsa, ka duba jerin DHCP ka san teburin da za ka nufa. Kuma ba ka yi asarar komai ba, domin in kana da saba da ka buɗe mata fot daga waje, fakitin da fayawol ya bari ya wuce dole ya fita ta katin da sabar take, Suricata zai gan shi a can.

In kana amfani da VLAN, wato raba netwok ɗaya zuwa sassa daban-daban, katin asali za ka zaɓa wanda VLAN ɗin suke hawa a kansa, ka kunna Promiscuous mode. In kuma layinka PPPoE ne to wannan ma wani dalili ne na barin WAN, toshewa a kan irin wannan layin ba ta cika tafiya daidai ba.

Sai HOME_NET. Wannan ɗan layin saiti shi ne wanda aka fi rainawa kuma shi ne ya fi lalata aiki shiru ba tare da ka sani ba. Yawancin dokoki an rubuta su ne da alkibla, daga $EXTERNAL_NET zuwa $HOME_NET ko akasin haka, to in ba ka faɗa wa injin su waye na gida ba, dokar tana nan a kunne amma ba za ta taɓa kama komai ba. Asali yana zuwa da 192.168.0.0/16 da 10.0.0.0/8 da 172.16.0.0/12, wanda ya rufe adireshin cikin gida gaba ɗaya, in a LAN kake wannan zai yi aiki, sai dai ni na fi son a rage shi zuwa sassan da kake amfani da su a zahiri har da na VPN. Kai da ka sa shi a WAN, in ba ka ƙara adireshinka na waje a ciki ba, to dokoki da yawa masu muhimmanci barci suke yi tun ranar da ka kunna, masu surutu marasa amfani ne kawai ke aiki. A OPNsense sai ka buɗe advanced mode a shafin saitin kafin ka ga gurbin Home networks.

Kafin ka sake kunna toshewa wata rana, ka je Interfaces sannan Settings ka tabbatar an kashe Hardware CRC da TSO da LRO, ka sake tada injin. Dalilin shi ne katin netwok yana taimaka wa furosesa ta hanyar haɗa ƙananan fakitoci su zama babba ko lissafa checksum da kansa, to Suricata sai ya ga fakiti ba yadda yake a kan waya ba, ya fara kukan checksum ba daidai ba, ko a yanayin toshewa layin ya dinga tsinkewa. Shi netmap, hanyar karɓar fakiti kai tsaye daga kati da OPNsense ke amfani da ita wajen toshewa, ba ya shiri da waɗannan kwata-kwata. Irin katin ma yana da tasiri, na Intel sun fi zama lafiya da shi, na Realtek kuwa sau da yawa su ne tushen matsalar da za ka kwana kana nema a wani wuri.

Yanzu dokoki, inda ka fi yin ɓarna. Tarin dokokin ET Open na Emerging Threats kyauta ne, Proofpoint ce ke da shi tun 2015, akwai kuma ET Pro na kuɗi. Dokokin Snort in ka yi rajista kyauta kana samunsu amma bayan kwana 30 da fitowarsu, masu biyan kuɗi su ke samu nan take. Abin da ba a faɗa wa sabon shiga shi ne ba duk dokar da ke cikin ET Open ce ke nufin hari ba. Rukunin malware da exploit da botcc da compromised da phishing, e, waɗannan maganar ɓarna suke yi. Amma info da policy da hunting da games da p2p da chat bayani kawai suke ba ka, wato ga abin da ke wucewa ko kana son sani. Kai kuma ka ce a jefar da duk wanda suka nuna.

Bari in ba ka misali ɗaya da za ka iya dubawa yanzu. Akwai doka mai lamba 2013504, aikinta kawai ta faɗa maka wata kwamfuta mai Debian ko Ubuntu tana amfani da apt wajen sauke sabuntawa. Ba hari ba ne, ba komai ba ne. Ka mayar da ita drop, wato ta dinga jefar da fakiti, sai sabarka ta Ubuntu ta daina samun facin tsaro, wato na'urar da ka sa don tsaro ita ce ta hana ka toshe ramin gaske. Haka akwai dokokin da ke tashi don kawai wani ya nemi adireshin da ya ƙare da wani irin ƙarshen suna da ba a saba gani ba, ka toshe su sai shafukan mutanen kirki su daina buɗewa, mai amfani kuma ba zai ga wani saƙo ba, burauza kawai za ta yi ta juyawa har ta gaji, shi ya sa kowa ke ce maka intanet ne ya yi nauyi.

Akwai kuma dangin da sunansu ke farawa da SURICATA STREAM da SURICATA Applayer. Waɗannan injin ne da kansa yake cewa ya ga wani abu a tsarin TCP da bai gane ba, fakiti ya zo ba a kan layi ba, ko an maimaita shi, ko ya ga rabin hira bai ga ɗaya rabin ba. A layi mai ɗan tangal-tangal ko inda fita da dawowa ba hanya ɗaya suke bi ba, za su cika maka log fal. Ba a toshewa da su. Ni kashe yawancinsu nake yi bayan na tabbatar ba offloading, wato su CRC da TSO da LRO ɗin nan, ne ke jawo su ba.

Tsarin da nake bi shi ne a fara da rukunai kaɗan waɗanda suka dace da abin da kake da shi. Ba ka da sabar yanar gizo a ciki, me za ka yi da dubban dokokin web_specific_apps? Ba ka da na'urorin masana'anta, me ya haɗa ka da scada? Kowace doka da ka kunna tana cin RAM da furosesa ko ta kama wani abu ko ba ta kama ba. Ka bar shi a alat kawai na sati biyu zuwa wata guda, ya zama ya ratsa ƙarshen wata lokacin da masu lissafi ke buɗe manhajojin da ba sa taɓawa sauran kwanaki, kullum ka ɗauki minti kaɗan ka jera alat bisa yawan tashi. Za ka tarar dokoki biyar ko goma ne ke kawo kusan duk hayaniyar. Kowacce ka tambayi kanka, wace na'ura ce, me take yi, al'adarta ce ko sabon abu ne? In al'ada ce kuma na'ura ɗaya ce ke tada ita, kada ka kashe dokar ga kowa, ka yi mata suppress a kan wannan adireshin kaɗai, kamar haka:

suppress gen_id 1, sig_id 2013504, track by_src, ip 192.168.10.5

In dokar tana da amfani amma ta cika maimaita kanta, threshold za ka sa, ta faɗa sau ɗaya a minti maimakon sau ɗari. Kashewa gaba ɗaya sai wadda ba ta da alaƙa da netwok ɗinka ko kaɗan. Kuma ka yi hattara da flowbits, wasu dokokin ba sa ƙara da kansu, alama kawai suke sa wa hira don wata doka ta gaba ta gane, misali ɗaya ta ce wannan fayil ɗin exe ne ake saukewa, ta biyu ta duba ko daga wuri mara kyau ya fito. Ka kashe ta farkon don kana ganin ba ta yin komai, ta biyun ta mutu ba ka sani ba. Kuma duk abin da ka kashe ko ka danne, rubuta dalili da rana a wani wuri, bayan wata shida kai kanka ba za ka tuna ba balle wanda zai gaje ka.

Ta yaya za ka san ma yana gani? Shirun log ba ya nufin lafiya, yana iya nufin ka zaɓi katin da ba shi ba. Gwajin da takardun Suricata da kansu suke bayarwa shi ne, daga wata kwamfuta ta ciki ka buga curl http://testmynids.org/uid/index.html. Shafin ba ya cutarwa, rubutu kawai yake dawo maka da shi mai ɗauke da uid=0(root), irin amsar da Linux ke bayarwa in wani ya samu cikakken iko ya buga umarnin id. Doka mai lamba 2100498 tana neman daidai wannan, a cikinta za ka ga content:"uid=0|28|root|29|", su 28 da 29 ɗin nan bakan buɗewa da na rufewa ne a lissafin hex. In alat ya fito da adireshin kwamfutar da ka yi gwajin, to idonsa a buɗe yake. Ka mayar da wannan doka ɗaya tak ta zama drop ka sake gwadawa, in curl ya tsaya yana jira bai dawo da komai ba, toshewa ma tana aiki. Ka lura da http ne ba https ba, da gangan ne, kuma shi ne ya kawo mu maganar da masu tallan na'urori ba sa son a yi.

Yawancin abin da ke wucewa ta fayawol ɗinka yau a kulle yake da TLS, wato tsarin ɓoye bayanai da HTTPS ke amfani da shi. Suricata ba ya ganin cikinsa. Duk dokar da ke neman wata kalma a cikin shafi ko fayil, in ta HTTPS abin ya bi, makauniya ce. Abin da ya rage masa shi ne adireshin da ake magana da shi, tambayoyin DNS in ba a ɓoye su ba, sunan shafi da ke fita a fili a farkon gaisuwar TLS (SNI), da sawun JA3 wanda ke nuna irin manhajar da ta fara gaisuwar. A TLS 1.2 yana iya karanta satifiket, TLS 1.3 da ya fito a 2018 ya ɓoye wannan ma. Ga QUIC kuma, wata hanyar buɗe shafuka da ke bi ta UDP 443, ita ma a kulle take. Ba wai IPS ya zama banza ba, muguwar manhaja dole ta nemi sunan sabarta ta kuma haɗu da wani adireshi, a nan ake yawan kama ta, shi ya sa dokokin suna da adireshi da DNS suka fi ba da riba a ofis irin naka. Amma kada ka zaci ka sa wa kowane shafi ido.

Wasu za su ce maka ka kunna buɗe TLS a tsakiya, irin deep inspection na FortiGate, wani fayawol na kamfani. Yana aiki, amma sai ka ɗora satifiket ɗinka a kowace na'ura, manhajojin banki da wasu na waya da suka liƙe wa satifiket ɗinsu za su ƙi aiki sai ka cire su ɗaya bayan ɗaya, furosesa zai sha wuya, sannan kana karanta sirrin ma'aikata wanda dole hukumar ofis ta sani ta amince a rubuce. Ga mutum ɗaya mai kula da kwamfuta 40 ban ba ka shawara ba. Inda ya dace shi ne in kana da sabar yanar gizo taka, ka sa HAProxy ko nginx a gaba ya buɗe TLS, IPS ya duba abin da ke tsakaninsa da sabar. Lokacin Log4Shell, wani babban ramin tsaro da ya bayyana a Disamba 2021, dokokin da ke neman ${jndi: sun fito da wuri, amma wanda harin ya shigo masa ta HTTPS kai tsaye zuwa saba, dokar tana kunne ba ta ga komai ba.

Wani makantar kuma, kwamfuta biyu da ke kan suwic ɗaya a sashe ɗaya in suna magana da juna, fakitinsu ba ya zuwa fayawol sam. Muguwar manhajar WannaCry a Mayu 2017 ta fot 445 ta dinga tsallakawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta, a irin wannan yanayin IPS da ke bakin ƙofa ba abin da zai gani a cikin gida. Maganinsa raba netwok, sabobi VLAN ɗinsu daban, wayoyin ma'aikata da baƙi daban, kyamarori da firintoci daban, ta yadda duk mai son tsallakawa sai ya bi ta fayawol. Kuma abin da doka ɗaya ta fayawol za ta iya hanawa kada ka ɗora wa IPS. Ba dalilin da zai sa 445 ko 3389 su fita intanet daga ofishinka, rufe su a fayawol, ya fi sauƙi ya fi tabbas kuma ba ya cin furosesa.

Maganar nauyi. Wani ɓangare na jinkirin da kake gani toshewar kuskure ce, wani kuma injin ne ya gaza. Duba stats.log ka nemi capture.kernel_drops, in lambar tana hawa to fakitoci suna zuwa fiye da yadda yake iya dubawa. Canja Pattern matcher zuwa Hyperscan in furosesanka Intel ne ko AMD, bambancin a bayyane yake. Ka kuma sani Suricata hira ɗaya kor ɗaya yake ba ta, saboda haka sauke babban fayil guda ɗaya ƙarfin kor ɗaya ne zai iyakance shi ko kana da takwas. Masu sayen na'urar kamfani su ma su kula, a takardar bayani lambar gudun fayawol daban take da ta IPS, ta biyun kullum ta fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ita ce za ka duba.

To bayan satuttukan nan log ya yi tsabta, sai a fara toshewa, kaɗan-kaɗan. A OPNsense kunna IPS mode shi kaɗai ba ya jefar da komai, dokokin ET a alat suke zuwa, sai ka je Policy ka ce wane rukuni ne zai koma drop. Fara da botcc da malware da jerin adireshin da aka tabbatar na ɓarna ne irin su Spamhaus DROP da na abuse.ch, waɗannan kuskurensu kaɗan ne. Bayan sati ka ƙara exploit da phishing. Info da policy da hunting su zauna a alat har abada, ko a kashe. Masu pfSense su kula da wani tarko daban: a Legacy Mode in ka kunna Block Offenders, duk alat ɗin da ya tashi, kowane iri, adireshin gaba ɗaya ake jefawa cikin teburin snort2c a toshe shi, ba fakitin kaɗai ba. Wato alat ɗaya na shirme a kan adireshin wani babban CDN, wato sabar da shafuka da yawa ke fitowa ta cikinta, zai iya ɗauke maka shafuka masu yawa lokaci guda. Kuma da yake kwafin fakiti yake dubawa, na farkon ya riga ya wuce kafin a toshe. In za ka zauna a wannan yanayin ka saita lokacin sakin waɗanda aka toshe ya zama awa ɗaya ko ƙasa, ka cika Pass List da gateway da sabobin DNS da adireshin VPN. Inline Mode ya fi tsabta in katinka ya yarda. A FortiGate da Palo Alto kuma tunanin ɗaya ne da wani suna, kana haɗa IPS sensor ko Vulnerability Protection profile ka liƙa shi a kan dokar fayawol, dokar da ba ka liƙa wa ba ba a duba abin da ya bi ta cikinta, wannan ma ana yawan mantawa.

Ranar da za ka kunna, ka ajiye kwafin saitin fayawol, ka kasance kusa da injin da allo da kibod, ba daga gida ta VPN ba, don kunna netmap yana ɗauke katin na ɗan lokaci kuma in abu ya karkace ta wannan katin kake shiga. Ka faɗa wa mutanen ofis an yi canji, duk wanda wani abu ya ƙi buɗe masa ya faɗi lokaci da sunan shafin, da waɗannan biyun cikin minti ɗaya za ka samo dokar a log. Ka kuma yanke shawara tun yanzu, in Suricata ya faɗi me kake so, intanet ya ci gaba ba dubawa ko komai ya tsaya? Masu yin sa a Linux da NFQUEUE suna da --queue-bypass don wannan, FortiGate ma yana da saitin fail-open. Ofis na yau da kullum yawanci ci gaba ya fi masa, amma fa sai da abin da zai sanar da kai cewa mai dubawar ya mutu.

Sabunta dokoki ka sa shi a Schedule sau ɗaya a rana, da dare. Ka tuna sabuwar dokar da ta shigo rukunin da ka mayar drop ita ma drop za ta zama ba tare da ka gan ta ba, saboda haka in da safe wani abu ya lalace ba wanda ya taɓa komai, nan za ka fara dubawa. Log kuma kada ya tsaya a kan fayawol kaɗai, eve.json, fayil ɗin log na Suricata, yana girma da sauri ya cika diski, tura shi waje ta syslog zuwa manhajar tattara log irin Wazuh ko Graylog, ka tabbatar agogon duk na'urori yana bin NTP in ba haka ba ba za ka iya haɗa abin da ya faru a nan da na can ba.

Saura ranar da alat na gaske zai tashi, misali ET MALWARE yana cewa 192.168.10.37 tana neman wata sabar masu kutse duk bayan minti biyar, kuma action ya nuna blocked. Kada ganin blocked ya sa ka koma ka zauna. An hana wannan kiran ne kawai, manhajar tana nan a kwamfutar, kuma da yawansu suna da adireshi na biyu da na uku da ƙila babu dokar da ta san su, ko mai laftof ɗin ya tafi da ita gida inda babu IPS. Cire ta daga netwok, duba a log me ta yi magana da shi kafin alat ɗin da bayansa, canja kalmomin sirrin da aka yi amfani da su a kanta daga wata na'urar daban, sannan a goge ta a sake ɗora mata komai. In kuma adireshin da alat ya nuna na sabar DNS ɗinka ta ciki ne, kamar domain controller, kada ka yi saurin tuhumarta, tambayar wani take isarwa, sai ka buɗe log ɗin DNS nata ka ga wace kwamfuta ce ta nemi sunan a daidai wannan lokacin.